Kun Tambaya, Mun Amsa: Tayar da Ƙaramin Jirgin Ƙasa Mai Aiki da Lantarki

Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramin kan jirgin ƙasa a cikin kayan gwanjo. Tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, a cikinsa an rubuta Lima, a rufinsa kuma akwai wasu hannuwan ƙarfe biyu masu lanƙwashewa. Na ɗora shi a kan layin da ya zo da shi na ba shi wuta, fitilarsa ta kama, yana ƙugi, amma ko motsi bai yi ba. Ya mutu ke nan? Daga mai gyaran rediyo, Tudun Wada, Gusau.

Wa alaikumus salam, Malam. Bai mutu ba, amma ka cire masa wutar nan tukuna. Moton da ke ƙugi ba ya juyawa zafi yake tarawa, kuma cikin ɗan lokaci sai ya toye siririyar wayar da aka naɗe a jikin amecha, wato ɓangaren moton da ke juyawa.

Lima tsohon kamfanin Italiya ne, kuma tsayin da ka faɗa ya nuna naka na ma'aunin HO ne, wato an rage jirgin gaske sau 87, tazarar da ke tsakanin dogo biyu kuma milimita 16.5. Wutar DC, irin ta batir, yake ci, daga sifili zuwa bolt 12: dogo ɗaya na kawo ta, ɗaya na mayar da ita. Duk wanda ya sayi irin wannan kaya ya fara kifa shi ya dubi ƙarƙashinsa. In ya ga wani dogon ƙarfe mai sulɓi kwance tsakanin ƙafafun, wannan tsarin Märklin ne na Jamus, wanda ke ɗaukar wutar AC daga ƙananan kusoshi a tsakiyar layi. Ƙafafunsa na dama da na hagu a haɗe suke, don haka da an ɗora shi a kan layi irin naka sai wuta ta yi shot. Naka ba shi da wannan matsalar.

Ka shimfiɗa farin ƙyalle a cikin tire ka yi aikin a kai, domin sifirin ɗin da za ka cire bai kai ƙwayar shinkafa ba, in ya yi tsalle ya faɗa ƙasa sai dai haƙuri. Yawancin jikin Lima maƙale yake, ba ɗaure ba: ka sa yankakken tsohon katin waya a gefe biyu ka buɗa a hankali sai ƙasan ya zame. Robar ta tsufa, sukudireba na iya ɓalle ta. Kafin ka taɓa kowace waya, ka ɗauki hoton cikin da wayarka.

Za ka ga ƙafafun rukuni biyu ne, na gaba da na baya, kuma ɗaya kaɗai ke ɗauke da moto, wani zagayayye mai faɗi kamar marfin kwalba, da jerin giyoyin roba a bayansa. Ka gwada juya giyar da yatsa. Mafi yawan lokaci za ka same ta a cije, saboda tsohon giris ya bushe ya zama kamar ƙaro, ya haɗu da gashi da zaren dadduma da suka nannaɗe a sandar ƙafa. Ka zare zaren da hantsaki, ka cire giyoyin ɗaya bayan ɗaya kana jera su yadda suke, ka wanke su da sifirit irin na kemis da tsohon buroshin haƙori. Kada fetur ko tina su kusanci wurin, suna cin roba da fenti.

Daga nan sai moton. A fuskarsa akwai ƴan ƙarafa biyu da ke danne sifirin, kowanne da ɗan guntun kabon a ƙarƙashinsa. Ka ɗaga su kana danne ramin da yatsa ɗaya don kada sifirin ya tsere. Kabon da ya cinye har bai kai milimita 2 ba ya gama aiki. In ba ka sami nasa ba, masu gyaran injin ɗin hannu suna da kabon manya, ana iya goge ɗaya a kan fayil har ya shiga ramin yana zamewa ba tare da cijewa ba. Gawayin cikin batir da bakin fensir ba su daɗewa, kuma suna cika wurin da baƙin gari.

Da ka cire marfin za ka ga tagullar da kabon ke gogawa, an raba ta gida uku da siraran tsagogi. A nan cutar ta fi zama. Garin kabon da mai suna cika tsagogin, sai wuta ta riƙa tsallakawa daga gida zuwa gida ba ta bi ta naɗin waya ba, moton ya yi zafi ya rasa ƙarfi. Ka kwakule tsagogin da tsinken sakace, ba allura ba, ka goge tagullar da auduga da sifirit har ta yi ja. Tun da mai rediyo ne kai, mitar gwaji na hannunka: ka auna om tsakanin kowane gida biyu. Awo ukun su zo kusan ɗaya. In ɗaya ya yi nesa da sauran, ka duba inda wayar naɗin ta haɗu da tagullar, sau da yawa dalma ce ta saki, kuma ɗigo ɗaya ya isa. In wayar ta yi baƙi tana warin ƙuna, sai sabon naɗi ko wani moton.

Mai kuwa, a nan mutane suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ɗigon da zai tsaya a bakin allura ya isa kowane gefen sandar amecha da kowace sandar ƙafa, giris kuma kamar ƙwayar gero a kan haƙoran giya, juyawa za ta raba shi. Wanda aka yi domin wannan aiki shi ne irin man Labelle 108 da giris ɗinsa 106, don ba sa cin roba. In babu, man keken ɗinki mai haske zai yi a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Baƙin mai, man gyaɗa da WD-40 duk a bar su. Ko kaɗan kada mai ya taɓa kabon ko tagulla.

Ka mayar da komai, ka kifa jirgin a kan soso, ka gwada da batir mai bolt 9. A yawancin tsofaffin Lima rukunin ƙafafu mai moto yana ɗaukar wuta daga dogo ɗaya, ɗaya rukunin kuma daga ɗaya dogon, saboda haka waya ɗaya a ƙafar gaba, ɗaya a ƙafar baya ta ɗaya gefen. In ya juya, ka ɗora shi a layi shi kaɗai ba tarago, ya yi minti 30 gaba, minti 30 baya, da matsakaicin gudu. Ƙarar Lima ba ta ƙarewa gaba ɗaya, haka aka ƙera shi. Abin lura shi ne zafi: ɗumi ba laifi, amma in yatsa ba ya iya zama a kan moton, ka tsayar ka sake dubawa.

Jirgina yana tafiya lafiya da damina, amma tun da hunturu ya shigo sai ya riƙa tsayawa yana fizga, sai na tura shi da yatsa. Na goge layin da samfefa, ya yi kwana biyu ya koma. Daga wani ɗalibi, Birnin Kebbi.

Ɗan'uwa, samfefar ce ta ƙara maka aiki. Tana barin ƙananan zane a kan dogon, ƙura ta sami wurin zama, tartsatsin wuta kuma ya gasa ta ta zama wannan baƙin dattin da kake gani. Wurin da ƙafar jirgi ke taɓa dogo bai fi bakin allura ba, kuma duk wutar ta nan take bi, shi ya sa ƙurar da ido bai ɗauke ta komai ba take tsayar da shi.

Ka fara gano mai laifin. In a wuri ɗaya yake tsayawa kullum, layi ne. In ko'ina yake yi, ƙafafunsa ne. Dogo ana goge shi da farin ƙyallen auduga da aka ɗiga wa sifirit, a naɗe a yatsa, a yi ta bi har ƙyallen ya daina baƙi. Ƙafafu kuma, ka shimfiɗa ƙyalle mai sifirit a kan layi, ka ɗora rabin ƙafafun a kai, rabi a kan dogo, ka riƙe jirgin ka ba shi wuta su juya su goge kansu. Waɗanda ba sa juyawa da kansu ka bi su da auduga. Ka tsallake ƙafafun da ke da zoben roba, sifirit na busar da shi. Taragai ma a goge ƙafafunsu, musamman na roba, su ne ke yawo da datti suna mayar da shi inda ka share. Ka kuma leƙa bayan ƙafafun kan jirgin: akwai siraran ƙarafan tagulla da ke gogar su suna kwasar wuta, kuma ƙura kan taru a ƙarƙashinsu kamar auduga.

In wuri ɗaya ne, ka matse ɗan ƙarfen da ke haɗa dogo da dogo da filaya. Maganin da ke daɗewa shi ne ka ja wayoyi biyu masu kaurin milimita 1.5 a ƙarƙashin teburin, ka fitar da ƙananan rassa kana liƙa su da dalma a gefen dogo na waje, kusan kowace mita ɗaya. Ka kula kada rassan dama da na hagu su sauya wuri.

Ka sa maganaɗisu a kan dogonka. In ya kama, ƙarfe ne, zai yi tsatsa da damina ya yi ƙura da hunturu. In bai kama ba kuma launinsa fari ne, wannan shi ne mai kyau, haɗin tagulla da nikel, kuma duk wanda zai sayi layi shi ya nema. Tun da kana Birnin Kebbi, ka tuna da bazara ma. Dogo mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan sulusin milimita in zafi ya hau da digiri 20, kuma ɗakin kwano yana wuce haka tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin watan Afrilu. Wanda ya shimfiɗa layi da sanyi ya matse gaɓoɓin, zai ga ya karkace da zafi. Ka bar tazarar rabin milimita a kowace gaɓa. Sannan da ka gama wasa ka lulluɓe teburin da tsohon zanin gado, kan jirgin kuma ya koma kwalinsa.

Ɗana ya gāji jirgin wasa daga kawunsa da ya zauna Amurka, da akwatin wutarsa. Mu sola muke amfani da ita. Zan iya jona masa kai tsaye? Daga wata uwa, Argungu.

Hajiya, Allah ya raya shi. Kada a jona komai sai an karanta rubutun da ke jikin akwatin. Na Amurka an yi su ne don bolt 120, wutar gidajenmu kuwa, ko ta NEPA ko ta imbata, bolt 230 ce. In an soka shi haka zai ƙone, yana iya tayar da gobara. In jikinsa ya ce 100 zuwa 240, babu damuwa. In 120 kaɗai ya ce, sai da taransifomar rage wuta. In kuwa wayarsa ta tsage ko jikinsa ya fashe, a ajiye shi kawai, bai dace da hannun yaro ba.

A ƙidaya dogon layin ma. In uku ne kuma jirgin babba ne mai nauyi, mai yiwuwa ƙirar kamfanin Lionel ne, wanda AC yake ci, kuma abin da za mu faɗa yanzu bai shafe shi ba. In biyu ne, batirin sola mai bolt 12 zai iya tafiyar da shi da kyau, amma ba kai tsaye ba. Ƙaramin jirgi bai cika jan fiye da rabin amfiya ba, batirin kuwa yana iya sakin ɗaruruwa in wayoyi suka haɗu. Cokali ɗaya ya faɗi a kan layin ya isa ya narkar da waya.

A ba mai gyaran lantarki wannan tsarin. Daga kan batir, fis mai amfiya 2. Bayansa, ƙwan fitilar mota mai bolt 12 wat 21, a jere da wayar: lokacin tafiya ba ya haske, amma da an yi shot sai ya kama, ya tsayar da wutar a ƙasa da amfiya 2, ya kuma sanar da yaron cewa wani abu ya faɗa layi. Daga nan sai ƙaramin allon rage gudu mai maɓallin murɗawa, irin wanda ake sa wa fankar DC. Na ƙarshe makunni mai ƙafa shida mai tsayawa a tsakiya: a haɗa ƙafafun kusurwa huɗu a gicciye, wuta ta shiga ta biyun gefe ɗaya, ta fita zuwa layi ta biyun tsakiya. Shi ke juya jirgin gaba da baya. A koya wa yaron ya rage gudu har jirgin ya tsaya kafin ya juya makunnin, don juyi cikin gudu yana cin haƙoran giya. In tsarin solarku na bolt 24 ko 48 ne, kada a taɓa batirin, a sayi adafta mai bolt 12 amfiya 2 a soka a soket. Cajar laftof ba ta dace ba, yawancinsu bolt 19 suke bayarwa.

Jirgina yana tafiya, amma yana ƙas-ƙas-ƙas yana ɗingishi, kuma yakan sauka daga layi a kwana. Daga Talata Mafara.

Ƙarar da ke maimaituwa sau ɗaya a kowane juyin ƙafa kusan kullum giyar roba ce ta tsage a kan sandar ƙafa. Roba na tsukewa da shekaru, ƙarfen cikinta ba ya tsukewa, sai ta fashe. Ka duba da gilashin ƙara girma, za ka ga tsagar kamar gashi tsakanin haƙora biyu. Gam ba ya riƙe ta, sai dai canji, kuma ka ƙidaya haƙoran kafin ka nema.

Saukar layi kuwa, ka auna tazarar da ke tsakanin bayan ƙafar dama da bayan ta hagu. A HO milimita 14.4 zuwa 14.5 ake so. In ta kauce, ana murɗa ƙafar a hankali a kan sandarta har ta dawo. Sai kwanar kanta: dogon kan jirgi mai ƙafa goma sha biyu yana wahala a kwanar da nisanta daga tsakiya bai wuce santimita 36 ba, ya fi sakewa a mai santimita 44 ko fiye. Falle ɗaya na filawud, mita 1.2 da mita 2.4, yana ɗaukar wannan da sauran wuri. Ka shafa yatsa a gaɓar da yake sauka, sau da yawa dogo ɗaya ne ya hau kan ƙarfen haɗi bai shiga cikinsa ba.

Abu ɗaya ne ba shi da magani. In gindin ƙarfen jirgin ya kumbura, ya yi tsage-tsage kamar busasshen tabki, yana marmashewa, to ƙarfen tutiyar da aka zuba shi da shi ne ya gurɓata tun daga masana'anta. Ka kwashe moto da ƙafafu da jiki ka adana, gindin ya tafi.

Hannuwan ƙarfen da ke rufin kan jirgi, ado ne ko suna aiki? Daga Yauri.

A jirgin gaske su ke shafar wayar sama suna jawo wuta, bolt 25,000 a layuka da yawa na duniya, 15,000 a Jamus da Siwizalan da Ostiriya. A ƙananan, wasu ado ne, wasu na aiki. Ka nemi ɗan makunni a ƙarƙashin jirgin ko a cikinsa, wanda ke zaɓar wutar dogo ko ta sama. Jirage da yawa da aka ɗauka sun mutu, wannan makunnin ne kawai aka tura gefen sama. Shawararmu ka bar shi a kan dogo, in ba ka kafa wayar sama ba kuma ka kwantar da hannuwan ka maƙale su, don in suka kama bakin gada ko ramin dutse suna lanƙwashewa, kuma gyaransu sai mai haƙurin gyaran agogo.

Ina so in gina tashar Ƙauran Namoda a kan tebur, yadda take lokacin da jirgi ke ɗaukar gyaɗa da auduga. Layin HO zai yi? Daga wani malamin makaranta mai ritaya, Ƙauran Namoda.

Baba, wannan buri ne mai kyau, Allah ya cika shi. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso garinku a 1929, kuma faɗinsa milimita 1,067 ne, kamar yawancin tsohon layin dogon Najeriya. Layin HO kuwa kwaikwayon mai faɗin milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna. In aka raba 1,067 da 87 ana samun kusan 12.3, don haka wanda ke son daidai sai ya yi amfani da layi mai milimita 12, wanda ake sayarwa da sunan TT ko HOm, ya bar gine-gine da mutane a ma'aunin HO. Akwai wata hanyar: a riƙe layin milimita 16.5 a gina komai a rage sau 64, lissafin ya faɗo kusan daidai. Wahalarta ita ce jikin kan jirgi da taragai duk da hannu za a ƙera su a kan gindin HO.

In kayan HO ne suka fi sauƙin samuwa, Baba ya fara da su, ba kowane ido ke kama bambancin milimita huɗu ba. Abin da ido zai kama shi ne kan jirgin. Wannan layi bai taɓa samun wayar lantarki a sama ba, da na gawayi da na dizal ne suka bi shi, saboda haka mai hannuwa a rufi ba zai zauna a tashar ba. A nemi samfurin dizal ko na gawayi, su ma da wutar dogo suke tafiya.

A lissafi, mita ɗaya ta gaske milimita 11.5 ce a HO. A je tashar da tef a auna ƙofa ɗaya da taga ɗaya, a ɗauki hoton ginin daga gaba sosai, sauran awon sai a fitar daga hoton. Teburin a yi shi da filawud mai kaurin milimita 12 a kan firam, a shafa wa ƙafafunsa maganin gara, a kuma janye shi daga jikin bango. Ƙasar wurin kuwa, yashin garin ne ya fi kowane fenti kama: a tankaɗe shi da rariya, a bi shi da maganaɗisu a cire garin ƙarfen da ke ciki don kada moto ya zuƙe shi, a barbaɗa, sannan a ɗiga farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa rabi da rabi da ɗigon sabulun ruwa. A bar shi kwana ɗaya ya bushe, a goge kan dogon tas kafin a ɗora jirgi.